Mun Rufe Sunaye Don Mu San Su

 

Malam shugaban makaranta ya ce kowane rukuni na 'yan ajin ƙarshe na i'idadiyya ya rubuto wa wannan ɗan littafi abu ɗaya da ya koya a bana. Mu huɗu ne masu zama a benci na uku ta wajen taga, kuma mun zaɓi labarin katunanmu. Dalili kuwa shi ne rabin makaranta sun ji gutsuri-gutsurin labarin, musamman abin da ya sami babban hoton bango na ajinmu, har wasu na cewa wuta muka sa masa. To gara a ji daga bakinmu.

Uku daga cikinmu shekarunmu 17. Na huɗun ya girme mu da shekara biyu, domin sai da ya haddace Alƙur'ani a makarantar allo kafin ya shigo madarasa, shi ya sa muke kiransa Alaramma. Dukanmu a nan Zongo muke, a yammacin Wagadugu. A gida Hausa muke yi, a kan titi da kasuwa Mosanci, da safe a aji Larabci, bayan azahar Faransanci. Harshe huɗu a kai ɗaya. Wanda bai gwada ba zai ce gata ne, kuma gatan ne, amma ranar jarabawa sai ka ga kalmar da kake nema ta zo maka a harshen da ba a tambaye ka ba. Mushe ya nuna zuciya a allo yana jiran Faransanci, kai kuma "ƙalbu" ne ke yawo a bakinka.

Mun yi niyyar zama jarabawa biyu a bana: ta makaranta da Larabci, da kuma BEPC ta gwamnati a watan Yuni. A darasin kimiyyar halittu akwai wata tambaya da ɗalibai suka sani sarai: a ba ka zane da kibiyoyi, babu suna ko ɗaya, a ce ka cike. A jarabawar watan Disamba mushe ya ba mu zanen zuciyar ɗan Adam da kibiya goma. Wallahi wannan zane mun san shi kamar fuskar maƙwabci. Tun watan Oktoba kullum da dare muna buɗe kaye muna kallonsa, muna karanta sunayen, muna gyaɗa kai. Da aka raba takarda sai muka ga zanen tsirara, sunayen sun tafi sun bar mu da kibiyoyi. Wanda ya fi ƙoƙari a cikinmu ya ci huɗu cikin goma. Alaramma ya ci ɗaya, shi ma ya ce canki-canka ya yi.

Mu ukun kunya kawai muka ji. Shi Alaramma abin ya fi haka nauyi. Babansa yana da butik na kayan moto, kuma tun farkon shekara ya faɗa masa cewa wannan ce ta ƙarshe: in ya ci BEPC ya ci gaba, in ya faɗi ya zo ya kama aiki. Ba mugunta ba ce, dattijon ya gaji, idonsa ya fara rauni, kuma ya riga ya yi haƙurin shekaru. Amma mu mun san abokinmu aikin jinya yake so. Ranar da aka ba mu sakamako bai yi magana ba har muka kai bakin famfon unguwa. Can sai ya ce, "Ni fa ban gane ba. Izu sittin ya zauna a kaina, amma kalma goma ta gagare ni?"

Shi ne kuma ya ba kansa amsa bayan kwana biyu. Muna zaune a zauren gidansu da kaye a buɗe, sai ya ɗora babban yatsansa a kan suna ɗaya ya ce, "Kai, mene ne a ƙarƙashin nan?" Aka yi shiru. Ya ce a makarantar allo babu wanda ake yarda ya iya karatunsa don yana kallon allo yana bi. Sai ka juya allon, ka kawo da ka a gaban malam, sannan a ce ka je ka wanke. Mu kuwa wata uku muna kallon allon da ba mu taɓa juyawa ba. Idonmu ya saba da sunayen, sai muka ɗauka sabo shi ne sani.

Yatsu ba su isa rufe suna goma ba. Muka gwada ɓawon gyaɗa, muka gwada marafan kwalba, muka gwada 'yan guntayen takarda, iskar hunturu ta kwashe su ta watsa cikin tsakar gida. Daga nan ne autanmu ya ce a manna takardun. Alaramma ya ɗebo ƙaro daga wanda yake haɗa tawada da shi, muka jiƙa, ya yi kauri. A nan ne shaiɗan ya shiga lissafin. Zanen da ke cikin kayenmu ƙarami ne, na hannu, wasu kibiyoyin ma a karkace muka kwafe su. Amma a bangon ajinmu akwai babban hoton zuciya mai launi, ja da shuɗi, wanda makaranta ba ta da irinsa sai shi kaɗai. Muka ce ai a kansa ya kamata a yi.

Ranar wata Laraba bayan an tashi muka tsaya kamar masu shara. Muka yanka takardu goma sha biyu, muka shafa musu ƙaro gaba ɗaya bayansu, muka lilliƙa a kan sunayen. Mun yi awa guda muna tambayar juna, abin ya yi daɗi ƙwarai. Da muka zo cirewa kafin magariba, ƙaron ya riga ya bushe. Takardar farko ta taso da rabin sunan. Ta biyu ta taso da sunan duka har da fatar hoton. Muka sa ruwa don ya saki, sai jan launin ya zubo ya shiga cikin shuɗin. Cikin minti kaɗan zuciyar makarantarmu ta koma kamar an yi mata ƙazuwa.

Daren nan babu wanda ya yi barcin kirki. Alaramma ya ce shi zai ɗauki laifin shi kaɗai, tunda ƙaronsa ne. Muka ce ba ta yiwuwa, domin in aka kira babansa a kan ɓarna, ba sai an jira Yuni ba. Ɗayanmu, ba za mu faɗi ko wane ne ba, ya ce a yi shiru kawai, ai ba wanda ya gan mu. Mun daɗe a kan wannan shawarar fiye da yadda muke so mu amsa. Abin da ya kashe ta shi ne mun san in ba a sami mai laifi ba, 'yan ajin da ke da sharar ranar za a kama, su kuwa ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Da safe muka je ofis mu huɗu muka durƙusa. Muka ce, "Allah gafarta Malam, mu ne." Malam ya dube mu ya dubi hoton da mushe ya shimfiɗa a kan tebur, ya ce mu faɗi abin da muke nema da muka yi haka. Da muka yi bayani sai mushe ya juya baya, daga baya muka gane dariya yake ɓoyewa. Malam bai yi dariya ba. Ya ce niyyarmu mai kyau ce, amma kayan makaranta amana ne, kuma wanda yake son ilimi da gaske yana fara da neman izini. Hukuncinsa biyu ne: mu haɗa jaka uku a sayi wani hoton, kuma kafin a samo shi mu zana zuciyar da hannunmu a babbar takarda, da sunayenta a Faransanci da Larabci, a rataye a inda tsohon yake. Bai kira iyayen kowa ba. Kuɗin mun yi sati biyar muna tara shi daga kuɗin karin kumallo da ɗan abin da ake samu a turin baro ranar da babu karatu.

Zanen nan da aka ɗora mana a matsayin horo shi ne ya fara buɗe mana ido. Sau uku muna lalata takarda. A karo na biyu ne mushe ya leƙo ya ce mun sa dama a hagu. Muka ce ai ga dama nan a hannun damanmu. Ya ce mu tsaya mu fuskanci juna. Ashe zanen zuciya kamar mutum ne da ke kallonka: damansa tana ta hagunka. Wata uku muna kallon hoton ba mu lura ba. Haka kuma sai da muka zo ja da alƙalami muka ga bangon ɗakin ƙasa na hagu ya fi na dama kauri sosai, muka tambayi dalili. Na dama zuwa huhu kawai yake tura jini, ga shi nan kusa. Na hagu kuwa har tafin ƙafa.

Bayan wannan muka koma kan katunan, amma da hankali. Ga yadda muke yi, ga duk mai so. Ana kai zanen wajen mai fotokopi, dala biyar shafi ɗaya. A manna shi a kan kwali mai ƙarfi. Mu kwalin sukari muke warewa, mai shayin bakin masallaci yana ajiye mana. A yanka 'yan takardu daidai girman kowane suna, masu kauri yadda rubutu ba zai nuna ta ciki ba. A shafa ƙaro a bakin sama kaɗai, siriri, yadda takardar za ta riƙa ɗaguwa kamar labulen ƙofa. A rubuta lamba a kan kowane labule. Duk sunayen a rufe suke, amma ɗaya ake tambaya a lokaci guda, domin in na kusa a buɗe yake, shi zai raɗa maka amsa. Doka ta ƙarshe ita ce mafi wuya: sai ka faɗi amsar da ƙarfi, ko ka rubuta ta, kafin ka ɗaga. In ka ɗaga tukuna sannan ka ce "ai dama na sani", ka cuci kanka. Da Faransanci ma rubutawar ta fi, tunda harafi ɗaya ya ɓace maki ya tafi.

Yayan ɗayanmu yana karatun likita a Jami'ar Joseph Ki-Zerbo. Da ya ga katunan sai ya yi dariya ya ciro wayarsa. Ashe akwai wata manhaja mai suna Anki da ɗaliban likita ke amfani da ita a ƙasashe da yawa, kuma tana yin daidai abin da muke yi: ka sa hoto, ka ja 'yan akwatuna a kan sunayen, ita kuma ta riƙa tambayarka ɗaya bayan ɗaya. Muka ɗan ji haushi, mun ɗauka mu muka ƙirƙiro. Ya ce kada mu damu, abin da manhajar ta fi mu da shi ɗaya ne, ta san ranar da ya kamata ta sake tambaya. Ya ba mu labarin wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, wanda ya riƙa haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana yana auna yadda yake manta su, ya buga sakamakon a 1885. Abin da ya gano shi ne mantuwa ta fi gudu a farko, cikin awoyi da ranar farko, daga nan ta rage sauri, kuma maimaitawa a rarrabe cikin kwanaki ta fi maimaitawa a zama ɗaya. Wani Bajamushen kuma, Sebastian Leitner, a 1972 ya bayyana dabarar akwati mai ɗakuna: katin da ka ci ya matsa gaba inda ba a yawan duba shi, wanda ka faɗi ya dawo ɗakin farko.

Waya dai ba mu da ita, ta Yaya kuma ba ta kwana a gida. Sai muka samo kwali muka raba shi uku: na kullum, na bayan kwana uku, da na ranar Juma'a. Alaramma ya kalli kwalin ya ce, "Yaya, ai wannan tilawa ce. Sabon karatu kullum, na baya-bayan nan a riƙa kewayo shi, tsohon kuma yana da ranarsa." Yaya ya ce to ka ga, kai ka riga Bajamushen naka sani, ba ka dai kai shi ajin mushe ba ne.

A ƙarƙashin kowane labule mun rubuta suna biyu, Faransanci a sama, Larabci a ƙasa. Wannan ya kawo mana wani abu da ba mu nema ba. Ɗakunan sama na zuciya da Faransanci oreillette ne, da Larabci uzain. Ɗakunan ƙasa ventricule, da Larabci buɗain. Wata rana a darasin sarfu Malam yana bayanin tasgiri, yadda ake ƙanƙanta suna a ma'aunin fu'ail, sai autanmu ya daki benci har aka juyo ana kallonsa. Uzain ƙaramin uzun ne, wato ɗan kunne. Buɗain ƙaramin baɗn ne, wato ɗan ciki. Muka ruga wurin mushe da rana, ya ce haka yake a Faransanci ma: oreille kunne, ventre ciki. Tun daga ranar kunnuwa suna sama, ciki yana ƙasa, babu wanda ya sake rikita su. Malamin tarihi kuma ya ƙara mana da labarin Ibnun Nafis, likitan da ya taso a Dimashƙa ya rasu a Alƙahira a 1288, wanda ya rubuta cewa babu ƙofa a bangon da ya raba ɗakunan ƙasa biyu, jini sai ya bi ta huhu kafin ya isa hagu. Darasin safe da na rana da muke gani kamar gidaje biyu masu gaba, ashe akwai ƙofa a tsakaninsu.

Da muka ga abin yana ci sai muka kai shi labarin ƙasa. Muka ari kayen wani da ya gama bara, muka yi fotokopin taswirar Burkina, muka rufe sunayen yankuna 13, muka haddace su tsaf cikin sati ɗaya. Muka je muna taƙama, mushe ya ce taswirar ta tsufa. Tun watan Yulin 2025 yankunan sun koma 17, larduna kuma daga 45 sun koma 47, kuma an ba yankunan sunaye na harsunan ƙasa. Yankinmu na Centre yanzu Kadiogo ne, Hauts-Bassins ya koma Guiriko, Nord ya koma Yaadga, ga kuma sababbi huɗu: Soum, Sirba, Tapoa da Sourou. Mun ji labarin a rediyo lokacin hutu, amma ba mu haɗa shi da kayen da ke hannunmu ba. Sai da muka sake kati daga farko. Baban ɗayanmu da ya ji muna gunaguni ya ce mu yi haƙuri, su a lakwal Volta Baƙa da Volta Fara da Volta Ja suka haddace, daga baya suka koma Mouhoun da Nakambé da Nazinon, ƙasar ma kanta Haute-Volta ce kafin 4 ga Agusta 1984. Darasin da muka ɗauka: kafin ka rufe suna, tabbatar da shi a wurin malami, domin kati ba ya bambance daidai da kuskure, duk abin da ka sa masa shi zai dasa maka.

Sai tajwidi. A littafinmu akwai zanen kan mutum ta gefe, da harshe da haƙora da maƙogwaro, an nuna mafitar kowane harafi. Bisa ƙidayar Ibnul Jazari, wanda ya rasu a shekara ta 833 bayan hijira, mafitan 17 ne a wurare biyar: ɗaya a sararin baki da maƙogwaro, uku a maƙogwaro, goma a harshe, biyu a leɓɓa, ɗaya a karan hanci. Muka ce shekarunmu 17, yankuna 17, mafitai 17, lallai bana tamu ce. Cikin kwana goma ko cikin barci aka tashe mu za mu faɗi cewa hamza da ha daga ƙarshen maƙogwaro suke, ainu da ha mai kauri daga tsakiya, ƙafu daga ƙarshen harshe, kafu ƙasa da shi kaɗan.

Ranar da Malam na tajwidi ya tambaye mu, muka zuba masa amsa babu tuntuɓe. Ya ce madalla. Sai ya rufe littafin ya ce wa ɗayanmu, "To karanta mini Fatiha." Da aka zo harafin ladi a ƙarshen surar, sai ya fito kamar dal mai nauyi. Na biyu ya karanta, nasa ya fito kamar za. Malam ya ce, "Ina mafitar harafin nan?" Muka haɗa baki: gefen harshe tare da turamen haƙora na sama. Ya ce, "Kanku ya sani. Harshenku fa, an gaya masa?" Alaramma kaɗai ya wuce, shi ma da gyara, domin nasa ya karkata wajen lam irin na tsofaffinmu. Malam ya ce wannan karkatar tana da tarihi a bakin Bahaushe, shi ya sa muke cewa alƙali, da alwala, da larura, da farilla, alhali duk da wannan harafin suke a Larabci, kuma mafitar lam maƙwabciyar tasa ce. Ya ce tajwidi daga baki ake karɓarsa zuwa baki, kati zai taimake mu a jarabawar rubutu, amma kada ya hana mu zama a gabansa. Duk watan azumi bayan la'asar muna wurinsa muna ta nanata harafi ɗaya.

Mushe ma ya yi mana irin wannan tarkon a watan Maris. Ya kawo zanen zuciya daga wani littafi dabam, kibiyoyin sun fito ta wasu wurare, lambobin sun canza. Mun ci bakwai, takwas, bakwai, Alaramma shida. Ya fi na Disamba nesa ba kusa ba, amma mun ga inda muka zame: wasu sunayen mun haddace su ne da kusurwar takarda, "na sama ta hagu", "na uku daga ƙasa". Sai muka ƙara mataki biyu. Na farko, kowane zane a nemo masa iri biyu ko uku. Na biyu, ranar Juma'a a ajiye kati gaba ɗaya, a ɗauki farar takarda a zana daga ka, sannan a bi hanyar jini da yatsa ana faɗa: daga jiki zuwa ɗan kunnen dama, zuwa ɗan cikin dama, zuwa huhu, ya dawo ɗan kunnen hagu, ya sauka ɗan cikin hagu, ya fita zuwa jiki. Alaramma ya ce wannan kuma satu ne, rubutun allo ba tare da duba mushafi ba.

Wata Juma'a muna wannan zanen a tsakar gidan su autanmu, kakarsa tana zaune tana tsinke zogale. Ta tambayi abin da muke yi, muka gaya mata. Ta ce a ba ta tsinke. A ƙasa ta zana mana Zangouettin, tsohuwar unguwar Hausawa da ke tsakiyar birni kusa da titin Kwame Nkrumah, wadda aka tashe ta a 2003 don sabunta tsakiyar gari, shekaru kafin a haife mu. Ta ja layi-layi ta riƙa nunawa: nan masallaci, nan gidan masu goro, nan rijiya, nan mai wanzanci, nan ɗakin da aka kai ta amarya. Fiye da shekara 20, babu gini ko ɗaya da ya rage da za ta duba, amma ba ta yi gardamar ƙofa ɗaya ba. Muka ce, "Kaka, yaya kika yi ba ki manta ba?" Ta ce ai kullum kafin barci sai ta bi unguwar gida-gida tana gaida mutane, rayayyu da matattu. Ba mu ce komai ba. Autanmu ya hana ƙannensa taka zanen har dare.

Ga 'yan ajin da ke biye da mu, muna da 'yan shawarwari. Kada ku taɓa hoton bango, sabon ma da kuɗinmu aka saye shi. Katin da ke da haruffan Larabci ko sunan Allah kada a bar shi a ƙasa, kuma ba a yin kati da shafin mushafi. Ku yi a rukuni, domin mutum yana yi wa kansa sassauci amma abokinsa ba ya yi masa. Minti ashirin kullum ya fi awa huɗu daren jarabawa, balle in kuran ya ɗauke. Kada kati ya bi ku ɗakin jarabawa ko da a aljihu ne da mantuwa. Za mu bar kwalinmu a ofis don ku ga samfuri, amma ku yi naku da hannunku, domin rabin abin da muka koya wajen yanka da mannawa muka koye shi.

A makon jiya baban Alaramma ya same mu a zaure da katuna a baje. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya zauna ya ɗauki na zuciya ya matso da shi kusa da fitila. Ba ya karanta boko, amma Larabci ba a yi masa gardama. Ya sa yatsa a kan labule na huɗu ya ce, "Wannan fa?" Ɗansa ya faɗa da Faransanci, ya faɗa da Larabci. Dattijon ya ɗaga, ya karanta layin ƙasa a hankali, ya sauke. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har goma sha biyu. A na tara abokinmu ya yi tuntuɓe, ya gyara kafin a ɗaga. Da aka gama Baba ya ajiye katin ya ce, "To. Allah Ya kai mu Yuni." Bai ƙara komai ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Lokacin da wannan littafi zai fito wataƙila mun riga mun shiga ɗakin jarabawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ranar za a ga abin da ya zauna da abin da bai zauna ba. Muna roƙon duk wanda ya karanta ya sa mu a addu'a, mu huɗu da sauran 'yan ajinmu baki ɗaya, musamman babbanmu. Muna neman afuwar Malam da mushe a kan hoton bango a gaban kowa, muna gode wa mai shayi da kwalayensa, da Yaya, da Kaka.